Cocin Sarakunan Ƙudus da Muke Sallar Juma'a a Cikinsa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ga ni cikin ganuwar tsohon garin Famagusta, a arewacin tsibirin Saifurus. Bari in juya muku kyamara. To, ku ƙare wa ginin nan kallo. Masallacin Lala Mustafa Pasha ke nan, ɗalibanmu 'yan Najeriya da ke karatu a garin nan da yawa sun yi Juma'a a ciki. Amma kafin ya zama masallaci, sama da shekara 200 ya yi yana babban cocin Katolika na Saint Nicholas, mazaunin bishop ɗin garin.

An ɗora harsashinsa a 1298, aka keɓe shi don ibada a 1328. Me ya kawo gini irin na Faransa gabashin Bahar Rum? A 1291 Mamalik na Masar suka ƙwace birnin Akka daga hannun mayaƙan Salibiyya, Kiristocin can da attajiransu suka kwararo nan, fatauci ya biyo su, garin ya cika da dukiya. Masu mulkin tsibirin kuwa gidan Lusignan ne, asalinsu Faransawa. Shi ya sa fuskar ginin take kama da babban cocin Reims, inda ake naɗa sarakunan Faransa.

Nan ma naɗi ake yi. Sai a naɗa sarki a Nikosiya a matsayin sarkin Saifurus, sannan ya taso nan a ɗora masa kambin sarautar Ƙudus, alhali Ƙudus ɗin ta daɗe da fita hannunsu. A naɗin Peter na Biyu a 1372, wakilan Jenowa da na Benis, biranen fatake biyu na Italiya, suka yi rigima a kan wa zai riƙe linzamin dokin sarki ta hannun dama. Wasa-wasa aka zub da jini, kuma daga nan Jenowa ta samu dalilin mamaye garin, ta riƙe shi har 1464.

Ku matso mu ga ƙofofin. Guda uku ne, kowacce da tsini a samanta, ga katafariyar taga a tsakiya mai zagayen fure. Dutse ne fa, amma an sassaƙa shi kamar aikin aska a wuyan babbar riga. Sai ku ɗaga kai. Hasumiyoyin biyu duk kansu a gutsure yake, harbin igwa da girgizar ƙasa ne suka yi musu haka. A kan ta hagu aka ɗora 'yar hasumiyar kiran salla.

Igwar ta Turkawan Daular Usmaniyya ce. Sun yi wa garin ƙawanya kusan wata 11, ya faɗi a watan Agustan 1571. A lokacin Benis ce ke mulkin garin, kwamandanta Bragadin kuwa bayan ya miƙa wuya aka feɗe shi da ransa. Ni Musulmi ne, kuma wallahi wannan ba abin alfahari ba ne a wurina. Lala Mustafa Pasha ne ya jagoranci Turkawa a yaƙin, sunansa aka sa wa masallacin a 1954.

Bari in cire takalmi mu shiga. Kai, ku ji sanyi! Ginshiƙai ne zagayayyu jere biyu, baka-bakan rufin sun haɗu can sama, bango fari fat. An cire gumaka da zane-zane, tagogin gilashi masu launi an maye su da raga ta farar ƙasa, haske yana shigowa ɗigo-ɗigo a kan darduma. Ga abin da na fi so ku lura da shi: cocin gabas yake kallo, alƙibla kuwa daga nan kudu ce, ta ɗan karkata gabas. Saboda haka mihrabin ba ya can ƙuryar da bagadi yake a da, yana jikin bangon gefe, sahu kuma yana miƙewa ne da tsawon ginin, wajen mita 55.

Ni a ganina, ibadar da ba ta yanke ba ce ta riƙe ginin nan. 'Yan taku kaɗan daga nan akwai cocin Saint George na Girkawa, shi ma katafare, amma ba rufi, sai ciyawa da tattabaru. Wannan kuwa kullum ana share shi, ana gyara inda ya yoyo. Duk da haka iskar teku tana cin dutsen, ku dubi yadda gefen nan yake marmashewa. Abin yana damuna, don sassaƙar da ta zube ba mai dawo da ita.

Wancan itacen baure da ke bakin ƙofa, mutanen gari suna cewa tare da ginin aka dasa shi. Idan za ku zo, ku kauce wa lokacin salla in yawon kallo ne, mata kuma a rufe kai. Yanzu mu tsallaka dandali, in nuna muku abin da ya rage na fadar mutanen Benis.