Ganesha: Sunayensa, Alamominsa da Danginsa

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Malam Sani, duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya ya taɓa ganin mutum-mutumin nan mai kan giwa da jikin mutum. Wane ne shi a wurin mabiya addinin Hindu?

Malam Sani: Shi ne Ganesha, Malama Hadiza, kuma sun yi imani cewa shi ke kawar da cikas, shi ya sa da sunansa suke fara buɗe shago, ɗaurin aure ko shiga sabon gida. Sunayen da suke jerowa wajen bautarsa sun kai 108, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne kusan kowane suna labari ne aka dunƙule. Gajanana yana nufin mai fuskar giwa, Lambodara mai tumbi, Ganapati shugaban rundunar Shiva, ɗaya daga cikin manyan allolinsu, Ekadanta kuwa mai haure ɗaya.

Hadiza: To, ina ɗayan hauren ya tafi?

Malam Sani: Riwayoyin sun sha bamban, amma wadda ta fi shahara ta ce lokacin da wani malami mai suna Vyasa yake yi masa shiftar Mahabharata, wato babban littafin labarinsu na gargajiya, ne alƙalami ya karye, shi kuwa ya riga ya ɗauki alkawarin ba zai dakata ba, sai ya ɓalle haurensa ya ci gaba da rubutu. Idan kika lura da hannuwansa huɗu, galibi za ki ga gatari, da igiya, da wani kayan zaƙi da ake kira modak, wanda ake yi da garin shinkafa a cusa masa kwakwa da mazarƙwaila. A gindin ƙafarsa kuma akwai ɓera, wanda shi ne abin hawansa.

Hadiza: Giwa a kan ɓera, wannan kam abin mamaki ne. Mu koma kan iyayensa.

Malam Sani: Mahaifiyarsa Parvati ce, matar Shiva. A labarinsu, ita ta ƙera yaron daga abin da ta goge a jikinta, ta sa shi gadin ƙofa za ta yi wanka. Shiva ya dawo, yaron bai san shi ba ya hana shi shiga, sai Shiva ya fusata ya fille masa kai. Da Parvati ta tayar da hankali, aka kawo kan giwa aka ɗora masa. Yana da ɗan'uwa, Kartikeya, wanda Tamilawan kudancin Indiya ke kira Murugan.

Hadiza: Na karanta cewa yana da mata biyu.

Malam Sani: A arewacin Indiya ana ambaton Siddhi da Riddhi ko Buddhi, da 'ya'ya maza biyu, Shubha da Labha, alhali a kudu da yawa suna ɗaukarsa bai taɓa aure ba. Har 'ya ma ana jingina masa, Santoshi Mata, wadda tsofaffin littattafansu ba su ambata ba, wani fim na shekarar 1975 ne ya yaɗa wannan dangantaka.

Hadiza: Bikinsa fa?

Malam Sani: Ganesh Chaturthi ke nan, tsakanin Agusta da Satumba. A 1893 Bal Gangadhar Tilak, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin Indiya, ya mayar da shi taron jama'a a zamanin mulkin Ingila, kuma har yau a Mumbai kwana 10 ake yi, sannan a ɗauki mutum-mutumin da kiɗa a nutsar da shi a teku.