Lacca: Wa Ke Da Ikon Tsige Sherif?

Assalamu alaikum. Jama'a, abu uku zan faɗa. Na baya ku matso, ga kujeru a gaba.

Na farko, shi sherif a Amurka, wato babban jami'in tsaro na gunduma, galibi zaɓensa ake yi. Mutanen gunduma ke jefa masa ƙuri'a, yana da jami'ansa masu bindiga, galibi gidan yarin gundumar ma a hannunsa yake. To in ya lalace fa, wa zai cire shi? A 1917 jihar Maine ta kai maganar gaban masu zaɓe, suka amince a ba gwamna wannan iko. Ku tuna a lokacin jihar ta hana sayar da giya, dokar da ta fara kafawa a 1851, wasu sherif kuwa sai su kau da kai, ana sayarwa a gabansu.

Amma ku ji sharuɗɗan, nan ne abin ya burge ni. Sai an kawo ƙara. Sai an sanar da shi. Sai an zauna an saurare shi. An saurare shi, jama'a! Ba gwamna ya tashi da safe ransa a ɓace ya ce wane ka sauka ba. Malam mai rubutu, ka ja layi a nan. A 2024 kwamishinonin gundumar Oxford, a jihar Maine ɗin, suka nemi Gwamna Janet Mills ta tsige sherif ɗinsu. Ta sa tsohon alƙali ya saurari kowane ɓangare, shaidu suka yi magana, daga baya ta ƙi cire shi. Ikon na hannunta, amma mutumin nan jama'a suka zaɓa, kuma hujjar ba ta kai ba.

Na biyu, ko na uku ne? Lokaci ya tafi. A jihar Florida kuwa, a 2019 Gwamna DeSantis ya dakatar da sherif Scott Israel bayan harbin makarantar Parkland da ya kashe mutum 17, majalisar dattawan jihar ta tabbatar.

Na'am, ɗan'uwa? A ba shi makirufo.

Yana tambaya, in aka kafa 'yan sandan jihohi a Nijeriya, wa zai cire shugabansu? Madalla da wannan tambaya. Yanzu gwamna ba ya iya cire kwamishinan 'yan sanda, na tarayya ne. Ranar da aka ba jihohi nasu, ni roƙona ɗaya: a rubuta sharaɗin sauraro a cikin tsarin mulki kafin a ɗinka wa kowa kaki. Mun ga yadda ake rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi da sanarwar rediyo kawai. Hajiya, ke ma kina da tambaya? Bismillah.