Idan PostgreSQL ya ƙi mayar maka da rubutu lamba

Ga teburin kaya a kan allo, a cikin PostgreSQL, manhajar ajiye bayanai a tebura. Tun farko an ajiye ginshiƙin farashi a matsayin text, wato rubutu, yanzu kuma ana so a riƙa tara kuɗi, dole ya koma integer, wato cikakkiyar lamba. Ka buga ALTER TABLE kaya ALTER COLUMN farashi TYPE integer, sai PostgreSQL ya ƙi, ya ce ba zai sauya da kansa ba, ka yi amfani da USING.

Yana da gaskiya, ba ya so ya yi maka shaci-faɗi da kuɗin mutane. To, ƙara USING farashi::integer a ƙarshen umarnin.

Galibi a nan kuskure na biyu ke fitowa, kuma shi ne ainihin aikin. Layi ɗaya tak ya isa ya hana komai tafiya. Wani ma'aikaci ya rubuta 1,500 da waƙafi, wani ya sa alamar naira a gaba, wani kuma ya bar wurin babu komai. Ka lura, rubutun da babu komai a ciki daban yake da NULL (alamar cewa ba a sa wata ƙima ba), integer ba ya karɓarsa. Fara zaƙulo irin waɗannan layukan tukuna:

SELECT * FROM kaya WHERE farashi !~ '^[0-9]+$';

Duba su da idonka, kada ka yi gaggawa. Masu alamar naira ka gyara su da hannu. Waƙafi da wuraren da aka bari babu komai kuwa wannan zai share maka su:

USING NULLIF(replace(farashi, ',', ''), '')::integer

In ya sake kuka a kan default, wato ƙimar da ginshiƙin ke ɗauka idan ba a sa komai ba, cire shi da DROP DEFAULT, ka yi sauyin, sannan ka mayar.

Don Allah kada ka gwada wannan ana tsakiyar ciniki. Sauyin yana sake rubuta teburin ɗungurungum, yana kulle shi har karantawa ba ta yiwuwa. Ɗauki ajiya da pg_dump, ka fara da BEGIN, in abin ya cije ka yi ROLLBACK, komai ya koma yadda yake. A MySQL, wata manhajar irin PostgreSQL, babu wannan gatan, da zarar ALTER TABLE ya wuce, ya zauna.

Lambar waya kuma ka ƙyale ta a text. Iyakar integer 2,147,483,647 ce, lambobin wayar Najeriya sun zarce haka. Ko ka koma bigint, mai ɗaukar manyan lambobi, sifirin farko zai ɓace, 080 ta zama 80.