Gyaran Gida Kafin Hadarin Farko Ya Taso

Assalamu alaikum, masu kallo.

A Kano, Zariya ko Kaduna, damina da iska take fara sallama. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, hadari kan haɗo daga gabas da la'asar, ƙura ta turnuƙe, kafin ɗigon farko ya sauka kwanon wani ya riga ya tashi. Saboda haka gyaran gida aikin bazara ne, watan Maris da Afrilu, lokacin da katako yake a bushe, kafinta kuma bai yi wuyar samu ba. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara. Ku nemi na yankinku, ku san kwanakin da suka rage muku.

Mu fara hawa sama. Mutane da yawa sun ɗauka iska tura rufi take yi, alhali ɗaga shi take yi. Idan ta bi ta kan kwano da ƙarfi, zuƙo shi take yi sama. In kuma ta samu ƙofa ko taga a buɗe ta ɓangaren da take bugowa, sai ta cika ɗakin, ta riƙa turo rufin daga ciki. Kusurwa da bakin rufi ne ke fara saki, da zarar falle ɗaya ya ɗaga, sauran bin sa za su yi.

Ku dubi ƙusoshin da ke riƙe da kwano. Da rana kwano yana buɗewa saboda zafi, da dare ya tsuke, a haka wata da watanni ƙusa take yin sako-sako ba wanda ya taɓa ta. A bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi tsatsa a cire, a sa mai hula, kuma a kan tudun kwano ake bugawa, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Sannan a ƙwanƙwasa katakon. In ya yi ƙara kamar ba komai a cikinsa, gara ta gama da shi, ko ƙusa ɗari aka buga masa ba zai riƙe ba. Katakon da ke zaune kan bango kuwa, a ɗaure shi da rodi ko langalanga, don sau da yawa rufi yakan tashi ne gaba ɗaya har da katakonsa.

Jera bulo da tsofaffin tayoyi a kan kwano, don Allah a daina. Ranar da iska ta fi ƙarfinsu, a tsakar gida bulon zai faɗo, inda yara suke. Taya kuma ruwa take tarawa.

Yanzu ga lissafi. Rufin da ke da tsawon mita 10 da faɗin mita 10, in aka yi ruwan milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne a dare ɗaya cikin Agusta, lita 5,000 zai zubar. Durom 25 ke nan. Ina duk wannan ruwan zai tafi? In amsar ita ce gindin bango, to nan ne babban aikin.

Masu gidan ƙasa, maganar nan taku ce musamman. Ba kasafai bango ke faɗuwa a ruwan farko ba. Sai Agusta, an kwana biyu ko uku ana yi, gindinsa ya jiƙe ya yi laushi, sannan ya zauna, galibi cikin dare mutane na barci. Magina na da sun san wannan, shi ya sa suke sabunta yaɓe kafin damina, suna haɗawa da makuba don ruwa ya riƙa zamewa, suna kuma sa indararo mai tsawo wanda zai jefa ruwa nesa da bango. Indararon da ya karye ko ya toshe ya fi babu illa, don wuri ɗaya zai yi ta jiƙawa. A ciko ƙasa a gindin bango, a daddage ta, gangarenta ya kalli waje. Tsaga kuma ko ta kai siririn zare a toshe ta, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya shafe bangon ƙasa da siminti ya ƙwanƙwasa ya ji. In simintin ya rabu da ƙasar, ruwa zai shige bayansa ya kasa bushewa, daga waje kuwa sai a ga kamar lafiya lau.

Kwata aikin unguwa ce, mutum ɗaya ba ya iya ta. A yashe tare, kuma a kwashe abin da aka fitar. In aka bar shi a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi ciki. Reshen darbejiyar da ya rufa kan ɗaki a sare shi. Bakin rijiya a ɗaga shi a rufe, domin ruwan da ya biyo ta masai ya faɗa rijiya shi ke kawo amai da gudawa.

In damina ta kankama, sai yaƙi da danshi. A janye katifa da durowa daga jikin bango, buhun hatsi a ɗora shi kan katako. Duk ranar da rana ta fito a buɗe tagogi, in ba haka ba fumfuna ta kama kaya, mai asma ya sha wuya. Soket ɗin da ke jikin jiƙaƙƙen bango, a kashe wutar ɓangaren, a kira mai gyara. Gwangwani, fasasshen bokiti, duk abin da ke riƙe ruwa a kife shi, kwana 7 zuwa 10 sun ishi ƙwan sauro ya zama sauro.

Ana cikin ruwan kuma, ku ɗauki alli ko gawayi ku zagaye duk inda ya yi yoyo a silin da bango, don in kaka ta yi wurin zai bushe ku neme shi ku rasa. Fenti da sabon filasta kuwa a jira hunturu, sai bangon ya bushe har ciki, in ba haka ba ɓarewa za su yi.