Hotunan Darasi Kyauta: Wanne Za a Sa Na'ura Ta Zana, Wanne Za a Nemo?

Assalamu alaikum malamai, barkanmu da war haka. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban 'yan aji uku ya san hoto ɗaya mai kyau yana kama hankalin yara fiye da cika allo da rubutu. Yanzu da wayar hannu kaɗai za ku iya samun irin wannan hoto ba tare da kun biya ko sisi ba, in ban da kuɗin data. Sai dai kowane kayan aiki da inda ya dace.

Mu fara da manhajoji masu zana hoto daga rubutu. Akwai Bing Image Creator na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 2023. Akwai Craiyon, da ba ya ma buƙatar rajista. Akwai kuma Meta AI a cikin WhatsApp, wanda ya iso Najeriya a 2024. Ku rubuta abin da kuke so, kafin ku ajiye wayar hoto ya fito. An horar da su ne da ɗimbin hotuna da bayanansu, don haka kamanni suke harhaɗawa, ba sanin abin suke yi ba.

A darasin tatsuniya ko insha'i suna da daɗin aiki ƙwarai. Ga misali: mun nemi hoton yarinya ɗauke da tulu a bakin rijiya, bayanta gidan ƙasa da bishiyar kuka. Yara za su iya tsara labari guda a kansa. Amma da muka matso da hoton kusa, sai ga kuskure. Hannun da ta dafe tulun yatsu shida ne, igiyar gugar kuma ba ta ɗaure da komai. Dole ne malami ya ƙura wa hoto ido kafin ya kai shi aji. Sannan manhajojin sun fi gane umarni da Turanci, kuma gwargwadon yawan bayanin da kuka ba su, gwargwadon kyan abin da za su fitar.

Inda nake roƙonku ku yi hattara shi ne darasin kimiyya, tarihi da labarin ƙasa. Kada ku sa na'ura ta zana muku zuciyar ɗan Adam, ko taswirar Najeriya, ko hasumiyar Gobarau ta Katsina. Za ta ba ku abu mai ƙayatarwa, jijiyoyi a inda babu su, iyakokin jihohi a karkace, yaro kuma ya haddace kuskure ya tafi da shi jarrabawa. Don irin wannan ku shiga Wikimedia Commons, rumbun da ke da fayil sama da miliyan 100, cikinsu har da hotunan gaske na ganuwar Kano da marinar Ƙofar Mata. Yawancinsu sharaɗin shi ne ku rubuta sunan wanda ya ɗauka a ƙasan hoton. Shafukan hotuna na Pixabay da Pexels ma suna nan don dabbobi da tsirrai.

Rubutu kuwa, kada ku bar wa na'urar. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, takan dagula su. Ku ɗauki hoton babu rubutu, ku kai shi Canva, manhajar tsara hoto da rubutu, ku rubuta da kanku. Suna da tsari kyauta ga malaman firamare da sakandare da aka tantance. In bayan hoto kuke son cirewa, remove.bg zai yi. In yanka da gyaran haske ne, Snapseed na aiki a waya ko babu intanet.

Wata magana da ba wasa: kada ku ɗora fuskokin ɗalibanku a waɗannan shafuka ba da izinin iyayensu ba. Amana ce aka ba ku. Yawancin shafukan ma ba su yarda yaro ƙasa da shekara 13 ya buɗe asusu ba, don haka ku ne za ku riƙe wayar.

In kuma ajinku babu majigi, ku nemi na'urar ta yi zanen layi kawai, baƙi da fari, ba launi. Bugawa da kwafinsa a shago sun fi araha, yana fita tsaf a takarda, yaran kuma su shafa masa kala da kansu.