An zaunar da yaro a kan bonet ɗin MGB ɗina

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau a gareji kuka same ni, nan bayan gidana a wajen Birmingham, kuma gaskiya raina ba daɗi. Bari in matso da kyamara ku gani da idonku. Ku dubi tsakiyar bonet ɗin nan, daidai inda hasken fitila ya karkace. Kun ga wannan lotsawar kamar an danna kwano da gwiwa? Jiya da safe babu ita.

Ga waɗanda yau ne farkon haɗuwarmu, wannan ita ce motata, MGB ƙirar 1967, mai buɗaɗɗen sama, kujera biyu kacal. A garin Abingdon kusa da Oxford aka yi ta ƙera irinta tun daga 1962 har aka rufe masana'antar a 1980, kuma an fitar da sama da dubu ɗari biyar. Wato ba motar attajirai ba ce kamar Jaguar E-Type. Motar ma'aikaci ce wanda ya tara ɗan abinsa yana son ya sha iska ranar Lahadi. Ni kuwa tun ina yaro a Kaduna, ina ganin mahaifina yana wanke Fijo 504 ɗinsa da kansa kowace Asabar, son tsohuwar mota ya shige ni.

Yadda na same ta, sai wanda ya gani. Tsatsa ta cinye ƙasan ƙofofin nan biyu, kuma MGB ba ta da shasi daban, jikinta shi ne ƙashinta, don haka in nan ya ruɓe, motar gaba ɗaya ta raunana. Shekara huɗu na yi ina fama, in taso daga aiki in shigo nan, sanyi na cin yatsuna, ina kankara ina gogewa. Kafireta biyun nan na kamfanin SU, da hannuna na warware su na sake haɗawa. Batura biyu masu ƙarfin wuta volt shida-shida da ke ɓoye bayan kujeru, sai da na yi kwana uku kafin in gane me ya hana su ba da wuta.

To, jiya Lahadi aka yi baje kolin tsofaffin motoci a filin wani ƙauye, ba zan kama suna ba. Irin wannan taro a Ingila na ɗan lokaci ne. Da hunturu ya shigo ana watsa gishiri a kan tituna saboda ƙanƙara, gishirin nan kuwa guba ne ga tsohon ƙarfe, sai kowa ya kulle tasa har bazara. Shi ya sa muke ɗokin 'yan watannin nan. Na tashi tun asuba, na goge ta, har wayoyin ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya da ɗan buroshi.

Wajen azahar na je neman wurin da zan yi salla, na tsaya na sayi shayi. Minti ashirin ban cika ba. Ina dawowa na hango wani bawan Allah ya ɗaga ɗansa, yaro mai kamar shekara shida, ya ɗora shi ɗaram a kan bonet, ya ja da baya yana saita waya, yana ce masa ya yi murmushi. Yaron kuwa yana ta wasa da ƙafafu, dugadugan takalminsa na bugun fenti. Wallahi sai da na ji ƙirjina ya buga.

Ban ɗaga murya ba, saboda yaron ba shi da laifi, kuma ba na son ya tashi da tsoron irin wannan wuri. Na ce, “Malam, don Allah sauke shi.” Ya sauke shi. Na nuna masa wurin. Ya duba, ya ɗaga kafaɗa, ya ce ai mota ce kawai, kuma ai ina da inshora. Ya ja hannun ɗansa suka shige cikin jama'a. Ko “yi haƙuri” ban samu ba, kuma wannan ya fi lotsawar yi mini ciwo.

Abin da bai sani ba shi ne, MGB na shekarun farko bonet ɗinsu na alminiyam ne, daga baya ne kamfanin ya koma ƙarfe. Alminiyam ba shi da nauyi, amma in ya lotsa yakan miƙe, ba ya komawa yadda yake da bugu ɗaya ko biyu. In kuma za a gasa shi, ba ya yin ja kamar ƙarfe balle ya gargaɗe ka, sai dai ka ga ya narke. Masu iya wannan aikin a yanzu ƙalilan ne, yawancinsu dattawa. Sannan ga fenti. Koren nan ya sha rana, ya ɗan sauya, ba yadda za a yi a shafa sabo a wuri ɗaya bai fito kamar faci a riga ba. Dole a fesa bonet ɗin gaba ɗaya, a yi ta gwada launi har ya dace da na gefe.

Kuma ba wannan ne na farko ba. Ku zo nan gefe. Wannan dogon layin a bayan ƙofa, ƙusar aljihun wandon jins ce, wani ya jingina yana ɗaukar hoton kansa. Wancan ƙaramin, ƙarfen jakar wata mata ne da ta leƙa ciki. An taɓa ɗiga mini askirim a kan kujerar fata. Amma wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne masu buɗe ƙofa ba izini, sannan su ja ta da ɗan ƙaramin gilashin nan mai kusurwa uku. Duk mai MGB ya san daidai nan ƙarfen jikin ƙofar ke tsagewa, ciwo ne sananne a jikin motar, kuma jan gilashin yana ƙara shi.

Makwabcina a filin, wani dattijo mai Triumph TR6, ya ce in yi yadda ya yi: ya kewaye tasa da igiya, ya manna takarda a gilashi cewa a kalla da ido kawai. Na fahimce shi sarai. Amma zuciyata ta kasa. Ban kawo motar nan fili don in kore mutane ba. Da yamma, ina cikin wannan ɓacin rai, wata yarinya ta zo riƙe da hannun kakanta, ta tsaya nesa kaɗan, hannuwanta a baya, ta tambaye ni ko za ta iya ganin ciki. Na buɗe mata ƙofa da kaina, na zaunar da ita, ta kama sitiyari, na nuna mata inda ake danna ham. Kakan ya ce irin wannan ya tuƙa ranar aurensa, idanunsa suka ciko. In na sa igiya, waɗannan biyun ma na tare su. Shi ma mai yaron, da ya tambaye ni, da a kujerar direba zan ɗora masa ɗan nasa, ya ɗauki hoto goma.

Saboda haka igiya dai ba zan sa ba. Abin da na yanke shi ne ba zan ƙara barin ta ita kaɗai ba. In zan tashi, sai na bar wani a wurin. Gobe in Allah ya kai mu, ni da ɗana za mu kwance bonet ɗin, mu naɗe shi a bargo, mu kai wa wani tsohon fanel bita da aka kwatanta mini a wajen Coventry. Zan tafi da kyamara, in ya yarda, ku ga yadda ake lallaɓa alminiyam da guduma ta katako. Yanzu bari in nemo sifana, in shafa wa kusoshin nan mai su kwana suna jiƙa. Sai mun haɗu.