Yadda yis ke kare kansa daga gubar ƙarfe

Jama'a, barkanmu da war haka. Ku dubi kwalbar nan da ke hannuna. Wannan farin laka da ya kwanta a gindinta yis ne, 'yar halittar nan mai sa burodi ya kumbura, wanda masana ke kira Saccharomyces cerevisiae. Tun 1996 aka gama karanta kundin gadonsa: ƙwayoyin gado wajen 6,000. Tambayarmu ta yau ita ce, idan aka ɗiga masa guba ta ƙarfe, waɗanne ne cikinsu ke farkawa?

Mu fara da jan ƙarfe. Yis na buƙatarsa, amma kaɗan. Da ya yi yawa, wani furotin mai suna Ace1 sai ya kama shi, ya je ya tayar da ƙwayar gado CUP1. Ita kuma ta sa a ƙera wani ɗan furotin da ke damƙe jan ƙarfen ya hana shi ɓarna. Yis ɗin gonakin inabi na Turai, inda aka daɗe ana fesa maganin jan ƙarfe tun ƙarni na 19, sau da yawa za ku tarar yana ɗauke da CUP1 kwafi-kwafi, a jere.

To, kadmiyom fa, wani ƙarfe mai guba? Wannan baƙo ne marar amfani, shigar burtu yake yi, ya bi ta ƙofofin da aka tanada domin zinki da manganis. A nan ne abin ya fi burge ni. Makamin yis shi ne gulutatayon, wani sinadari da yake ƙerawa, wanda ke ɗaure kadmiyom, sannan wani furotin mai aikin famfo, Ycf1, ya tura su tare cikin wata jaka da ke cikin ƙwayar yis ɗin, a kulle. Sai dai gulutatayon ba ya samuwa sai da farar wuta, ita kuwa ba ta da yawa. Kun san me yis ke yi? Tsimi! Wani bincike na 2002 ya nuna yana rage ƙera furotin masu cin farar wuta da yawa, ya musanya su da 'yan uwansu masu cin kaɗan. Misali, furotin Pdc6 mai cin farar wuta kaɗan ya karɓi aikin Pdc1 mai ci da yawa. Aikin bai tsaya ba, rarar kuma ta tafi wajen gulutatayon.

Na ga hannu a baya can. Malama, asinik kike tambaya? Shi ma guba ne, amma korarsa ake yi waje ta wata ƙofa mai suna Acr3. Bari in zana miki a allo.